Kafin ka ɗauko injin walda daga Kano

Da kaka ta yi, aka sayar da masara da waken suya, kuɗi sukan ɗan zauna a hannun samarin Getso da Kutama da Garo da Gude. A irin wannan lokaci ne yaron da ya yi shekara biyu ko uku yana riƙe wa maigidansa ƙarfe a gareji yake fara lissafin cin gashin kansa. Wani mahaifinsa ne ya sayar da tumaki ya ba shi jari, wani adashi ya kwasa. Kuɗi na haɗuwa sai ya hau motar Kano, ya sauka a Kabuga, ya nufi Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa da magana ɗaya a baki, shi dai inji mai ƙarfi yake so. Ƙanena, idan kai ne wannan yaro, zauna tukuna mu yi magana, domin duk wanda ya shiga kasuwa da wannan buƙata kaɗai, mai shago ne zai zaɓar masa, kuma abin da ya daɗe a kan kanta zai zaɓa.

Mota ba ƙarfe iri ɗaya ba ce. Ƙofa da bonet da madigadi da ƙasan da fasinja ke takawa duk falle ne, a yawancin ƙananan motoci kaurinsa bai kai milimita 1 ba, 0.7 ne ko 0.8. Salansa ta ɗan fi haka, amma kafin ta zo hannunka tsatsa ta cinye rabinta. Shasin Canter da bodinta da mariƙin sifirin ƙarfe ne mai kauri, daga milimita 4 zuwa sama. Gidan giya da kan inji a motocin yanzu galibi alminiyam ne, bakin salansa da ke manne da inji kuma ƙarfen zubi ne, wanda bakanikai ke ce wa kas. Kowannensu da irin wutar da yake so. Babu injin da kuɗin mai farawa zai saya wanda zai yi duka huɗun da kyau, ko da kuwa an rubuta haka a jikin kwalinsa.

To wane aiki ne zai riƙa tsayawa a ƙofar shagonka? Tsaya a bakin titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi ranar kasuwa ka duba. Golf ce an danna mata buhuna har but ya ƙi rufuwa an ɗaure da igiya, Sharon ce ta durƙusa ta baya, Hiace ce da kaya a sama, Canter ce ɗauke da shanu, ga Adaidaita Sahu da babura. Abin da ke karyewa a jikinsu sananne ne: maratayin salansa, ƙafar kujera, kariya, hinjin ƙofa, mariƙin bamba, ƙarfen bodi. A Gwarzo ko Kabo kuwa ba za ka rayu da mota kaɗai ba. Manomi zai kawo garma da amalanke, mai lambu a bakin dam ɗin Guzuguzu ko na Pada zai kawo mazaunin injin ban ruwa, mai niƙa zai aiko a zo a duba masa ƙarfen da ya tsage, mai gini yana son ƙofa da taga. Kusan duk wannan aikin waldar lantarki ne, wato ta sanda. Shi ya sa ra'ayina bai da kwana-kwana: injinka na farko ya zama ƙaramin injin sanda irin na zamani, wanda ake kira inbata, mai ba da amfiya 140 zuwa 160 na gaskiya, wanda kuma ake iya sauke wutarsa ƙasa har 30 ko 20.

Na san maigidanka wataƙila da tsohon yayi ya koya maka, taransifomar nan haɗin gida da aka naɗe waya a jikin ƙarfe aka sa a akwatin katako ko aka tsoma a cikin mai, wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta. Ba na raina ta. Ta ciyar da gidaje masu yawa, ba ta jin ƙura, in ta ƙone kuma duk mai naɗin koyil zai tashe ta. Amma tana da ci. Da ka kafa sanda fitilun layin gaba ɗaya sai su yi ja, firjin maƙwabci ya hau gurnani, kafin mako ya zagayo an kai ƙararka wurin mai unguwa. Wutarta tana da wuyar kamawa ga sabon hannu, hawanta uku ne ko huɗu, ana cire waya daga wannan kusa a mayar waccan, sau da yawa kuma kusoshin a tsirara suke. Bakin wayar injin walda yakan ɗauki bolt 50 zuwa 80 ko ba a aiki. Ga mutumin da ya jiƙe sharkaf da gumin bazara, yana kwance a ƙarƙashin mota, wannan ya isa ya yi kisa.

Inbata kuwa kilo 4 ne zuwa 6. Ka rataya a kafaɗa, ka hau babur zuwa Lakwaya ko Durun inda mota ta lalace. Wutarsa a daidaice take, sanda tana saurin kamawa, kana murza maɓalli kaɗan-kaɗan har ka sami abin da ƙarfen yake so, kuma bai kai taransifoma shan wuta ba. Rauninsa biyu: ƙura da wuta mai hawa da sauka. Cikinsa allo ne irin na rediyo, fankarsa tana zuƙo ƙurar hunturu da garin ƙarfen da garanda ke watsawa, ranar da garin ya taru a kan allon sai ka ji tas, hayaƙi ya fito. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka ɗora shi a kan benci nesa da inda kake gurza, ka kai shi wurin mai faci lokaci-lokaci a hure shi da iska bayan an cire shi daga wuta.

Yanzu ga inda ake cin kuɗin yara. Za ka ga ɗan inji kamar akwatin burodi an rubuta 300 ko 400 da manyan haruffa, filoginsa kuma irin na dutsen guga. Yi lissafi da kanka. Filogi mai fiyus na amfiya 13 a kan bolt 230 abin da zai iya bayarwa bai wuce wat 3,000 ba. Walda a kan amfiya 400 tana cin wat 14,000 da ɗoriya. Ta ina sauran za su fito? Lambar suna ce kawai aka raɗa masa, da yawansu in aka gwada ba sa wuce 120 zuwa 140. Abin dariyar shi ne kai ma ba ka buƙatar 400. Sanda geji 12, wato mai milimita 2.5, wadda ita za ka fi ƙonawa, tana aiki tsakanin amfiya 60 da 90. Geji 10, mai milimita 3.2, tana son 90 zuwa 130. Geji 14 na siraran aiki ba ta wuce 40 zuwa 60. Saboda haka injin da ya yi gaskiya ya ce shi 160 ne ya fi wanda ya yi ƙarya ya ce 400, tun da wanda ya yi ƙarya a lamba da wuya ya yi gaskiya a kayan ciki.

Juya injin ka karanta ɗan farantin da ke bayansa ko ƙarƙashinsa. Za ka ga amfiya an jera, a saman kowace an sa kaso, misali 60%. Ma'anarsa, a cikin kowane minti 10 injin zai yi minti 6 yana walda a wannan wutar, ya huta 4. Idan ka ga 60% a kan amfiya 100 ko 120, ya ishe ka. Wanda ba shi da farantin sam, ajiye musu kayansu.

Sai maganar da ta fi injin kansa nauyi, wato inda za ka samo wuta. Kamfani ya koma KEDCO tun 2013, bakinmu bai daina cewa NEPA ba, ita ma wutar ba ta daina halinta ba. Duk mai walda a garuruwanmu da janareta yake aiki, wutar layi in ta zo alhamdu lillahi. Ɗan ƙaramin Tiger na kunna fitila da cajin waya ba ya cikin lissafi. Inbata mai ƙona geji 12 yana son janareta kVA 5 zuwa sama, mai na'urar daidaita wuta, domin lokacin da ka ɗaga sanda wutar janareta takan yi tsalle, tsallen nan ne ke kashe allo. Kuma ka tuna abin da ya faru daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi: litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Tun daga nan kowace sanda da ka ƙona da kuɗin fetur a jikinta. Idan jarinka ba zai kai inji da janareta ba, sayi injin, ka yi yarjejeniya da mai babban janareta a kusa kana biyansa. Satar wuta daga falwaya kuwa kada ma ka fara. Laifi ne a doka, kuma da ranka kake wasa.

Ranar saye kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka tafi hannu rabbana. Roƙi maigidanka ko wani babban yaron shago ya raka ka. Sa a jaka guntun ƙarfen kwana mai kauri, da guntun tsohuwar ƙofar mota, da sanduna geji 12 da geji 10 irin 6013 da kowa ke amfani da ita. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a jona mini in gwada." In ya ce ba a buɗe kwali, yi masa godiya ka ƙara gaba, shaguna ba su ƙare ba. In ya yarda, fara da geji 10 a kan ƙarfen kwana, ka ƙona sanda uku a jere ba hutawa. Saurari ƙarar, ya kamata ta tafi sumul ba yankewa. Duba ko jar fitilar zafi ta kama. Taɓa wayoyin, in sun yi zafin da ba ka iya riƙewa, sirara ne. Sannan ka sauke wuta can ƙasa ka ɗiga a kan fallen ƙofar, ka ga ko sanda za ta kama ko za ta riƙa liƙewa. Kafin ka biya, kankare bakin wayar da wuƙa: in jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, sai ka sa kuɗin waya ta gaske mai kaurin 16 ko 25 a lissafinka. Tambaya ta ƙarshe ita ce wa ke gyara irin wannan inji a Kano, kuma ana samun allonsa? A rubuta maka rasit da kwanakin garanti.

Amma kai gyaran mota ka ce za ka yi, kuma ba zan ɓoye maka ba, sanda ba ta son jikin mota. A kan falle mai 0.8 ƙwararre ma ɗige yake yi: ya ɗiga nan, ya tsallaka can, ya jira jan ya mutu, ya dawo tsakani. Sabon hannu kuwa huda zai yi, ya bi ramin da ciko, ramin ya ƙara faɗi, a ƙarshe a lulluɓe ɓarnar da foti. Shi ya sa masu gyaran jikin mota a ƙasar nan suka riƙe waldar gas. Tsohuwar fasaha ce, Faransawa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka fito da bakin wutarta a 1903, harshenta kuma yana haura digiri 3,000. Ba ta neman NEPA ko fetur. Da ita ake walda, a yanka, a gasa ƙarfe a miƙe shi, a liƙe lagireto da farin ƙarfe ko tagulla. In aikin jiki da salansa ne zai zama abincinka, ba makawa sai ka iya ta.

Abin da ban yarda ba shi ne ta zama kayanka na farko, kai kaɗai a shago ba babba a kusa. Ka san tukunyar kabaid ta haɗin gida: a zuba duwatsun, ruwa ya taɓa su, ta hau tafasa tana warin tafarnuwa, farin tabo yana taruwa a gindi. Iskar da ke fitowa ba ta da haƙuri. In matsinta ya wuce fam 15 tana iya fashewa da kanta, in ta daɗe tana bi ta bututun jan ƙarfe tana haifar da wani gari mai tashi kamar albarushi, in wuta ta koma da baya ta cikin tiyo kuma babu abin tare ta, tukunyar ce za ta tashi da wanda ke kusa. Ita kuma doguwar tukunyar iskar oksijin ba ta haɗuwa da mai ko giris ko kaɗan, hannu mai maiƙo a bakinta ya isa ya tada gobara. Waɗannan abubuwa a gaban maigida ake koyonsu, da kayansa, yana kallonka yana tsawa. Ranar da za ka sayi naka, ka haɗa da abin tare wuta a kan tiyo biyun, ka bar ƙyashin kuɗinsa.

Ka kuma lura da cewa motocin sun canja. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ƙarfenta mai laushi ne, a gasa, a doka, ta koma daidai. Motocin Kwatano na baya-bayan nan ginshiƙan ƙofofinsu da wasu sassan ƙasa ƙarfe ne da aka ƙarfafa tun daga masana'anta. Ka gasa shi ya yi ja, ya miƙe, ya sha fenti ya yi kyau, amma ƙarfinsa ya tafi, sai ranar hatsari za a gane.

Na san kana ganin bidiyon Turawa a waya suna ɗinke jikin mota da injin MIG, mai turo siririyar waya da kansa. Gaskiya ne, a kan falle babu kamarsa, kuma ya fi sanda sauƙin koyo. Tun 1948 aka fito da shi a Amurka, yau kuma shi ne abin aikin masu gyaran jikin mota a ƙasashe da dama, da waya mai 0.6 ko 0.8. Sai dai mutumin cikin bidiyon a rufaffen ɗaki yake. Injin yana lulluɓe waldar da gas, irin wanda ke cikin lemon kwalba ko gaurayensa da argon, kai kuwa a gindin darbejiya kake aiki, iskar hunturu tana kaɗawa, za ta kwashe gas ɗin waldar ta fito duk ƙofofi. In tukunya ta ƙare, tafiyar kilomita wajen 70 ce daga Gwarzo zuwa Kano, haka in ɗan bakin bindigar ya lalace ko waya ta ƙare. Akwai mara gas, mai waya da magani a ciki, yana jure iska, amma zafinsa ya yi wa fallen ƙofa yawa, ga tartsatsi. MIG injinka na biyu ne ko na uku, bayan ka sami rumfa mai bango da masu kawo aikin jiki a kai a kai.

Kada ka ƙarar da jarin a kan inji. Ware kuɗin garanda da fayafayanta, da matsi biyu ko uku, da burushin ƙarfe, da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe, da gwangwani mai murfi na ajiye sanduna, domin sandar da ta sha raɓar damina tofi kawai take yi. A gaban duk waɗannan ka sa garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11. Baƙin tabarau na kasuwa ado ne, ba ya tare hasken da ke ƙona ido, ga fuska a buɗe. Wanda walda ta shiga idonsa ba ya ji nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, cikin dare, ya farka kamar an zuba masa yashi. Kada ka bari a ɗiga maka madara ko ruwan tumatir. Rufe idon, sa tsumma mai sanyi, in gari ya waye bai lafa ba, ko kana zaton ɓarɓashin ƙarfe ne ya shiga, tafi asibiti. Madarar gwangwani da ake sha bayan aiki ma ba ta wanke hayaƙi daga huhu. Abin da ke taimako shi ne ka kankare fenti da farin rufin ƙarfe kafin ka kafa sanda, ka tsaya ta inda iska ke kore hayaƙin daga fuskarka.

Kafin wuta ta taɓa mota, cire kan batir, ka ɗan jira in mai jakar iska ce. Maƙala wayar at a kan ƙarfe mai tsabta dab da inda za ka yi aiki, don kada wuta ta yi yawo ta bi ta boris ko ta ƙwaƙwalwar mota. Kuɗin ƙwaƙwalwa ɗaya ya isa ya cinye ribar wata. Leƙa bayan wurin, ko akwai kafet ko waya ko tiyon mai, ka ajiye bokitin ruwa da na yashi. Tankin fetur kuwa, wanda aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage a ciki shi ne ke fashewa. A shekararka ta farko ka bar wa manya shi.

Akwai kuma aikin da za ka ƙi ko nawa aka ba ka. Direba zai zo da tayarod ko boljoyin a karye, fasinjoji na zaune a inuwa suna jira, ya ce, "Oga, ɗan ɗiga min in kai Dayi, gobe zan sayi sabo." Ba zai saya gobe ba, kai ma ka sani. Ƙarfen sitiyari da na ƙafa an dafa su ne a masana'anta, walda tana sa su gautsi, ranar da za su sake karyewa motar tana gudu ne da mutane a ciki. Ka ce masa, "Yi haƙuri, maigida, wannan ba na walda ba ne," ka nuna masa mai sayar da kayan gyara. Zai yi fushi, wataƙila ya sami wani a gaba ya yi masa. Ba da hannunka ba dai.

Daga ranar da ka buɗe shago, ajiye ɗan littafi. Duk aikin da ka mayar don injinka ba ya yi, rubuta shi da kuɗin da za a biya. Bayan damina ɗaya da rani ɗaya ka zauna ka duba. In ƙofofi da madigadi ne suka cika shafi, kayan gas ko MIG za ka nema. In shasi da bodin manyan motoci ne, babban janareta mai haɗe da walda. In kuwa gidan giya da kan inji ne ake ta wucewa da su Kano, to waldar alminiyam ce, wato ta argon, babu mai yi a kusa da kai, sai ka bar shagon a hannun ƙaninka na 'yan watanni, ka je birni ka koyo ta kafin ka sayi injinta.